Wurinka Yana Nan

Ranar Litinin ce da magariba, lokacin da ba a kunna fitila ba tukuna amma ido ya daina ganin ramin allura. Sakatariyar coci tana tsakar gida tana kwashe shanya, 'yarta Auta tana ɗaki tana gugar kayan makaranta. A cikin aljihun teburin falo waya ta yi ƙara sau biyu, ta yi shiru. Babu wanda ya je ya duba, domin su biyun sun san wayar wa ce, sun kuma san abin da ya shigo.

Wayar Kafinta ce, mijin Sakatariya, wanda aka binne wata huɗu da suka wuce. Shi ya yi duk bencunan cocinsu da hannunsa, kuma a bakin benci na uku yake zama, kusa da taga. Tun da ya rasu matar ba ta bar wayarsa ta mutu ba. Kullum sai ta sa mata caji ta mayar cikin aljihun tebur.

Cocin suna da wani matashin fasto mai son kwamfuta kamar ita ta yi masa baftisma. Shi ya kawo manhajar rajistar membobi, ya ce zamanin babban littafi ya wuce. Kowane mamba yana da shafinsa: hoto, ranar haihuwa, lambar waya, da sunayen mutanen gidansa. Wanda bai zo sujada ba, manhajar da kanta take aika masa saƙo ranar Litinin da yamma. Sakatariya ce ma ta tsara kalmomin: "Ba mu gan ka ba ranar Lahadi. Wurinka yana nan, muna jiranka. Ka dawo gida."

Idan mamba ya rasu, aikin bai kai minti ɗaya ba. A buɗe shafinsa, a danna inda aka rubuta "ya rasu", a sa kwanan wata, shi ke nan, sunan ya fita daga cikin masu rai, saƙonni su tsaya. Mutum goma sha ɗaya ta yi wa haka, ba ta taɓa jinkiri ba. Da ta zo kan mijinta, ta buɗe shafin, ta gan shi yana murmushi da fensir a bayan kunne, sai ta rufe. Sau biyu faston yana tuna mata, sau biyu tana cewa matsalar sabis ce. Ya san ba sabis ba ne, amma kunyarta yake ji, sai ya ƙyale. Haka saƙon ya yi ta zuwa mako bayan mako yana kiran mutumin da ke ƙarƙashin ƙasa.

A wannan yammacin, wayar tana yin shiru sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi, ƙwas, ya gangaro ya sauka gaban Sakatariya. Ta sunkuya ta ɗauka. Ƙusa ce mai inci uku, sabuwa fil, da ɗumi kamar yanzu aka zare ta daga bakin mutum. Kafinta a baki yake riƙe ƙusoshi in yana aiki. Kafin ta ɗago wata ta faɗo, wata ta biyo, har suka zama kamar yayyafi. Auta ta fito da gudu ta riƙe zanen uwarta.

"Mama, su wa ke jifa?"

"'Ya'yan maƙwabta ne, koma ciki," in ji uwar, alhali ta san maƙwabtansu tsofaffi ne biyu da ko tsakuwa ba sa iya ɗagawa.

Litinin da ta biyo baya, ƙamshin garin katako ya cika falon, kuma babu ko guntun katako a gidan tun da aka kwashe kayan aikinsa. Ta ukun kuwa, Sakatariya ta shigo da fitila a hannu ta tarar da Auta zaune a kujerar ubanta, kujerar da babu wanda ya zauna a kai tun ranar jana'iza. Yarinya 'yar shekara sha shida mai kunya, ga ta ta baje ƙafafu, ta saƙala fensir a bayan kunne. Ta ɗago a hankali ta yi gyaran murya irin wadda uwar ta sani fiye da tata.

"Malama, kin ce in dawo. Ga ni."

Malama. Duk duniya mutum ɗaya ne ke kiranta haka, don tsokana, tun ranar da ta fara aikin ofis. Fitilar ta suɓuce daga hannunta. Ya kamata ta kurma ihu ta tara mutane. Ba ta yi ba. Ta zauna a ƙasa kusa da kujerar, ta yi ta sauraron muryar har duhu ya rufe falon, Auta ta sulale ta yi barci.

A nan ne laifinta yake, kuma ba za a ɓoye ba: ta fara jiran Litinin. Tsoro na nan, amma kewa ta fi shi ƙarfi. Ita kuwa Auta tana ta ramewa. Da farko da gari ya waye take dawowa hayyacinta, daga baya sai Talata da yamma, daga baya sai Laraba. Wata Alhamis uwar ta kira ta, "Auta!" Yarinyar ta waiga bayanta tana neman wanda ake kira. Ranar ce Sakatariya ta gane cewa nan gaba kaɗan ba za a ƙara samun ranar da 'yarta za ta dawo ba.

Matashin faston ya zo ya yi addu'a da ƙarfi har jijiyar wuyansa ta tashi. Auta ta bari ya gama, sannan ta ce da waccan muryar, "Fasto, har yanzu ƙafar mumbarin nan tana rawa?" Bawan Allah ya nemi ƙofa da baya da baya. A bakin ƙofar gida ya share zufa ya ce, "Mama, wannan ya fi ƙarfina. A kira Baba."

Baba tsohon fastonsu ne da ya yi ritaya, shi ya ɗaura wa Sakatariya aure da Kafinta. Ba ya ɗaga murya, kuma tambayarsa ta fi wa'azinsa yawa. Da ta je ta faɗa masa komai, har da saƙon Litinin, ya saurare ta har ƙarshe. Sannan ya ce, "'Yata, ranar Litinin ki taho gida da kwamfutar ofis."

Ya iso kafin rana ta faɗi, da sandarsa da tsohon Littafi Mai Tsarki da bangonsa ya saɓule. Ya zauna a kan ƙaramar kujera, ya sa ta ɗora kwamfutar a kan tebur ta buɗe shafin mijinta. Suka zauna jira. Inuwa ta hau bango, unguwa ta yi tsit. Wayar ta yi ƙara sau biyu. Ƙusoshi suka fara zuba a kan kwano. Auta ta fito daga ɗaki da tafiyar da ba tata ba, ta zauna a kujerar.

"Baba Fasto, kai ne a gidan namu? Sannu da zuwa."

"Yauwa," in ji tsohon. "Wa nake magana da shi?"

"Haba Baba, ba ka gane ni ba? Ni ne mai gidan."

"To madalla. Tsufa ya kama ni, ina mantuwa. Tuna min, yaushe aka haife ka?"

"Ɗaya ga watan Janairu," aka amsa nan take, babu ko gargada.

Sakatariya ta ɗago kai da sauri. Kafinta bai taɓa sanin ranar haihuwarsa ba. Duk wanda ya tambaye shi dariya yake yi ya ce, "Uwata ta ce ana ruwa ranar, je ka tambayi ruwan." Ranar da take cike shafinsa manhajar ta ƙi yarda a bar gurbin babu komai, ita da kanta ta ƙirƙiro ɗaya ga Janairu ta rubuta, ba ta ma taɓa faɗa masa ba.

"Ba shi ba ne," ta faɗa. "Baba, ba shi ba ne."

Fuskar Auta ta canza. Murmushin ya tsaya a wurin amma idanun suka zama na wani daban, muryar ta koma siririya, busasshiya.

"Wucewa nake yi," in ji abin. "Na ji ana kiran suna kowace Litinin, ba a amsawa. Wurinka yana nan. Ka dawo gida. Suna ne babu mai shi, a rataye kamar riga, sai na saka. Muryar kuwa a cikin wayarsa na same ta. Ban fasa ƙofar kowa ba, tsoho. Gayyata aka yi."

"Yarinyar fa?"

"Riga ba ta tsayuwa sai da jiki."

Baba ya ɗora hannu a kan Littafin ya ce a hankali, "Cikin sunan Yesu Almasihu, za ka fita."

Jikin Auta ya fara karkarwa, ƙusoshin suka ƙara ƙarfi har kwanon yana amsawa. Amma abin bai kula tsohon ba. Ya juya ga matar, ya dawo da muryar Kafinta, mai taushi, irin ta lokacin da yake lallashinta.

"Malama, mu yi sulhu. Litinin kaɗai. Sauran kwana shida na bar miki 'yarki. In kika danna abin nan, ba za ki ƙara jin wannan muryar ba har ki mutu. Wa zai ƙara ce miki Malama?"

Hannunta yana kan kwamfutar, ya ƙi motsi. Ta dubi Baba tana neman ya cece ta.

"Ni zan iya addu'a har gobe," ya ce. "Amma ke kike kiransa, 'yata. Muddin ana kira, zai amsa."

Ta dubi kujerar. A ƙarƙashin fensirin nan akwai ƙaramin kunnen da ita ta huda da hannunta, ga wuyan da ya rame har ƙasusuwa sun fito. Ta danna "ya rasu". Manhajar ta nemi kwanan wata. Ta rubuta, wannan karon na gaskiya, ranar da ta yi wata biyar tana ƙin faɗa ko a zuci. Sai wani ɗan akwati ya fito a fuskar kwamfutar: "Kin tabbata?"

"Malama," in ji muryar. "Malama, don Allah."

"Mijina ya rasu," ta ce da ƙarfi, ta danna.

Ƙusoshin suka tsaya cak. Ƙamshin katako ya janye ta ƙofa kamar an ja shi da igiya, labulen ya ɗaga ya sauka. Fensirin ya faɗo ƙasa ya mirgina ƙarƙashin tebur. Auta ta buɗe ido ta dubi ƙafafunta, ta tattara su da sauri cikin kunya.

"Mama, me nake yi a kujerar babana?"

Uwar ta rungume ta. Baba Fasto ya yi gajeriyar addu'a, ya ɗauki sandarsa. Da ta juyo don ta rufe kwamfutar, sai ta ga saura tambaya ɗaya: "Wane ne shugaban wannan gida yanzu?" Sunaye biyu ne suka rage a jerin. Ta zaɓi nata.

Litinin da ta zagayo, magariba ta same ta a tsakar gida tana kwashe shanya, Auta tana ɗaki tana guga tana 'yar waƙarta. Sakatariya ta tsaya da zane a hannu, kunnenta yana falo. Rana ta faɗi, duhu ya sauka, wayar ba ta yi ƙara ba. A nan tsaye, tsakanin igiyoyin shanya, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.