Idon Gwaggo Askale

Ranar wata Alhamis da yamma na hau jirgin ƙasan cikin garin Addis daga unguwar Magananya zuwa Lidata, da gwangwanin fenti a jakata. Saura kaɗan in gama zanen da aka ba ni a katangar ƙasan tashar Lidata: tsohuwar unguwarmu, da mutanenta, da gidan abincin kakata mai benen katako da shuɗɗan tagogi.

Gidan babu shi yanzu. Yayar mahaifina, Gwaggo Askale, ta sayar da shi yana kwance a asibiti. Aka rushe, aka kafa wani dogon gini kamar akwatin gilashi a wurin. Baba ya fito ya tarar da tarin ƙasa, bai ƙara wata uku a duniya ba. Ita ma ta bi shi bara. Ban je makokinta ba, kuma ko yau aka sake ba zan je ba.

A zanenmu na gargajiya, mutumin kirki fuskarsa duka ake nunawa, ido biyu. Mugu kuwa ta gefe ake zana shi, ido ɗaya. Ko yaro a Addis ya san wannan. Mutum talatin da ɗaya na zana suna kallon masu wucewa. Gwaggo kaɗai na juyar.

Wubit, mai sayar da kofi a gindin katangar, sai da ta ja mini kunne. "Ke Sinidu, matacciya kike wa tonon silili a bakin titi? Ki ji tsoron Allah!"

Na ce, "Da ita ta ji tsoronsa, da yanzu a inuwar benenmu kike soya kofinki. Zuba mini, ki rage wa'azi."

Jirgin ya cika maƙil kamar kullum, warin zufa da jiƙaƙƙun riguna. Muna can sama kan ginshiƙai, rufin tsohuwar tashar Lagar a ƙasanmu, sai hayaniya ta ɗauke ɗif. Bakuna na motsi, babu sauti. Ƙarar ƙarfe kawai.

Sai ƙamshi. Miyar shiro, ta garin wake, a tukunyar ƙasa, da man shanu, da ƙaurin tafarnuwa. Mutum ɗaya na sani da ke ƙona tafarnuwa haka.

Gwaggo ce zaune kusa da ni cikin farin mayafi, gefen fuskarta kawai nake gani. Kwano a cinyarta. Ta naɗe injera, faffaɗar wainar nan tamu, da miya, ta miƙo loma saitin bakina ba tare da ta juyo ba. A wurinmu ba a ƙin lomar da babba ya miƙo.

"Buɗe baki, 'yar ƙanena."

Na datse haƙora. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba, amma haushi ya fi yawa.

"Kin mutu," na ce ƙasa-ƙasa. "A can ɗin ma ba za ki bar mu mu huta ba?"

"Wuyana ya ƙage. Kullum mutane na wucewa suna tofa mini yawu. Ki juyo da ni."

"Ki dawo da gidan."

"Ido ɗaya kika ba ni. Ina ɗayan?"

"Ki je ki tono shi a ƙarƙashin gilashin."

Sai ta fara juyowa.

Wuyan yana ƙara kamar bango na tsagewa.

Ɗaya gefen babu fuska. Siminti ne tsirara, yana warin ɗanyen fenti.

Hannun ya bar bakina ya yi sama. Sanyi ƙalau. Ta danna lomar a idona na hagu.

Barkono. Wuta. Na kurma ihu, ban ji muryata ba.

Ƙofa ta buɗe a tashar dandalin Meksiko, na faɗo waje da rarrafe, fenti ya malale a ƙasa. Sai a lokacin sauti ya dawo. Wata mata tana sheƙa mini ruwa a fuska tana kiran Maryamu, wani mutum kuma yana rantsuwa babu kowa a kujerar kusa da ni.

Likita biyu suka duba, suka ce idon lafiyarsa lau. Ni dai ba na ganin komai da shi.

Bayan mako guda na koma Lidata. Wubit ta kwashe kayanta zuwa tsallaken titi, ko gaisuwata ba ta amsa ba. Gwaggo tana jikin katanga tana kallon gaba, ido biyu. Idonta na dama baƙin fentin da na haɗa ne. Na hagu kuwa ruwan ƙasa, da ɗan ɗigo a farinsa, wanda tun ina ƙarama nake gani a madubi.

Na tsoma burushi zan shafe ta. Yana taɓa katangar na ji shi a cikin kaina, sai da na durƙusa.

Ta ci gida, ta ci ubana, kuma da idona ta wanke kanta. Yanzu in na rufe idona na dama, titin Lidata nake gani, mutane suna tsayawa a gabana suna murmushi, suna cewa ga tsohuwar kirki.