Muryar da Aka Bari a Bakin Kogi

Bayan sallar isha'i muna zaune a tsakar gida, sai ƙanwarmu Zulai ta kumbura baki.

"Yaya Sallau ya tsane ni. Kullum mai sunan Iya, mai sunan Iya. Bai taɓa ce mini Zulai ba."

Yaya Sallau ɗan wan babanmu ne, shi ne babba a cikin jikokin Iya. Ya juyo ya kalle ta. Sannan ya ce da dusasshiyar muryar nan tasa, "Ku matso. Bashari, kashe wayar nan ko in karɓe ta." Ga abin da ya faɗa mana.

Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wani ya ce mini ta zo mu ji ta.

Kun san kakarmu Iya, Allah ya jiƙanta. Abin da ba ku sani ba, ta tsufa tana fushi da ubanta. Tanko sunansa. Tana 'yar ƙarama aka kwashe shi da wasu samari zuwa yaƙin Bama, bai dawo ba. Wani abokinsa da ya dawo ya ce, "Mun bar shi a wani gari a bakin kogi, a hannun wata mata." Shi ke nan fa. Kafin kasuwar Malumfashi ta sake ci, gari ya ɗaura masa aure. Wai Tanko ya samu 'yar Bama ya manta da gida.

Iya ta girma da wannan gorin. Ko sau ɗaya ban ji ta ce Allah ya jiƙansa ba. Takan ce, "Mutumin da ko sunana bai taɓa kira ba." A ce mata ai kunyar 'yar fari ce, kowane uba haka yake yi. Ta ce ta ji.

Ina karatu a Malesiya muka samu hutu, na ce bari in leƙa ƙasar Bama ɗin. Na kira ta, lokacin ciwo ya fara cin ta. Ta ce, "In ka ga jikokin matar, kada ka gaishe su."

Da na isa can, jirgin ƙasa na hau. Kujerun katako, taga ba gilashi, yana rangaji kamar tsohon jaki. Yini guda muna ratsa gonakin shinkafa, har layin ya kai mu wani ɗan gari a bakin kogi. Sunan garin harshena bai taɓa iya shi ba. Titi ɗaya ne. Ko'ina Turawa masu goyon jaka, ƙafa duk cizon sauro, suna hayar keke suna ɗaukar hoton faɗuwar rana. Na kama gado a wani masauki na gora, mu da yawa ɗaki ɗaya.

Tsohuwar mai masaukin ta ga zan fita da yamma. Ta riƙe mini hannu. Da ɗan Turancinta ta ce kada in wuce gadar jirgi in rana ta faɗi. Wai ruwan wurin yana magana.

Na ji? Ina fa. Ɗakin ya cika da kiɗa da hayaƙin taba, ni kuma wurin salla nake nema. Na bi gefen kogi ni kaɗai. Na wuce gadar. Magariba ta kawo kai, na tsuguna ina alwala.

Kwaɗi suka yi shiru. Gaba ɗaya, lokaci guda.

"Sannu da alwala, samari."

Da Hausa. Ku da ba ku taɓa barin gida ba, ba ku san yadda Hausa ke dukan ƙirji a ƙasar wasu ba. Ko a'uziyya ban yi ba na ce, "Yauwa, sannu."

Wani tsoho ne zaune a kan dutse, da malafar masunta, ƙafafunsa a cikin ruwa. Fuskar 'yan ƙasar ce. Muryar kuwa ta saurayi. Kuma bakin na rigan maganar motsi, kamar fim ɗin Indiya da aka fassara.

"An gama yaƙin?"

Na ce an daɗe da gamawa.

"Daga ina?"

"Malumfashi."

Na kalli ƙafafun. Ruwa na gudu, amma bai kewaye su ba, ratsa su yake yi.

"Ka san wata yarinya, mai tabon ƙuna a hannun hagu? Kaskon wuta ta faɗa."

Kun san tabon. Da wannan hannun take miƙo mana ƙuli-ƙuli.

Na ce, "Kakata ce."

Sai muryar ta sauya. Ta koma wata iri, ƙasa-ƙasa, kamar ruwa a cikin tulu.

"Ni ba Tanko ba ne. Matacce ba ya dawowa. Ni mazaunin nan ne tun kafin a kafa gadar."

Ya ce zazzaɓi ne ya kayar da Tanko, ayarinsu ya wuce ya bar shi. Matar da aka bar shi a hannunta tsohuwa ce, ta isa ta haifi uwarsa. Ta yi jinyarsa iyakar ƙoƙarinta. Ran da zai cika ya rarrafo nan bakin ruwa zai yi alwala. Yana ta magana, ba mai jin harshensa.

"Ni na ji. Na ajiye. Duk jirgin da ya tsaya sai na duba masu sauka. Kai ne na farko da ya amsa."

Na ce to ya faɗa mini saƙon, zan kai.

"Ba a kai shi da bakin wani. Ba za ta yarda ba."

Gaskiyarsa. Kun san Iya da taurin kai.

Ya kamfato ruwa a tafinsa ya miƙo. "Sha. Maganar farko da za ta fita daga bakinka tasa ce. In ka zubar da ita a hanya, ta tafi ke nan."

Wallahi na so gudu. Amma na tuna tsohuwar nan kwance, za ta tafi kabari da fushin ubanta. Na yi bisimilla a zuci na sha. Sanyinsa ya tsaya mini a nan, a maƙogwaro.

Da na ɗago, dutsen ne kawai. Ina juyawa na fara jin su a bayana. Muryoyi, da yawa, kowace da harshenta, kowace tana kiran wani suna. Ban waiwaya ba.

Da safe na hau jirgin komawa, baki a rufe. Wata Baturiya ta yi ta ja na da hira, ta gaji ta ɗauka kurma ne ni. A filin jirgin sama da hannu na yi ta nuni. Salla ma a zuci nake karatu. Wanda ya fi ci mini rai Ummana ce. Ta kira tana kuka, jikin Iya ya tsananta. "Sallau, ka yi magana mana. Kana ji na?" Ina ji. Na cije hannuna na kashe wayar, na tura mata rubutu cewa ina hanya.

Na iso na tarar da ɗaki cike da mata. Ban yi sallama ba, Goggo har da harara. Iya na kwance ta juya wa ƙofa baya, an ce ta daina gane mutane. Na durƙusa. Na buɗe baki.

Sai Tanko ya kira sunanta. Sunanki.

Ba muryata ba ce. Matan suka ja da baya. Iya ta juyo a hankali, idonta ba a kaina yake ba.

"Na'am, Baba."

"Ban guje ki ba. Ciwo ne ya kayar da ni. Ke nake ta kira."

Sai ta yi 'yar dariya, hawaye na bin kunnenta.

"Baba, yau ba kunya? Sunana ka kira."

Daga nan ta fashe da kuka irin na yara. Tana cewa ya yafe mata, tsawon ranta ta hana shi addu'a. Ta sa aka soya waina aka raba sadaka, da bakinta ta ce Allah ya jiƙan Tanko. Ba ta kai Juma'a ba ta bi shi.

Muryata ta dawo, amma kun ji yadda ta dawo. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai ranar sunanki, aka ce an mayar da sunan Iya. Na ɗauke ki ina murna, na kira sunan. Muryar Tanko ce ta sake fitowa. Ya kira, ya jira. Ɗakin shiru, mai amsawar tana kabari. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Yaya Sallau ya tsaya nan, yana shafa maƙogwaronsa.

"Don haka ku ji ni," ya ce. "Duk wanda Allah ya kai wata ƙasa, kada ya bi bakin kogi shi kaɗai da magariba. In kun ji an gaishe ku da Hausa, ku dubi ƙafa kafin ku amsa. Masu jira a wurin nan suna da yawa, kuma waɗanda suke kira duk sun mutu."

Zulai ta goge ido da gefen hijabinta. Ta ce a hankali, "To ka kira, Yaya. Ni zan amsa masa."

Ya buɗe baki. Sai ya rufe, ya girgiza kai.

"Zai gane ba ita ba ce. Tashi ki kwanta, mai sunan Iya."