Wanda Ya Yi Ribas

Ƙarfe biyu da rabi na rana aka kira caji ofis daga kamfanin tireloli, wai an fasa durowar takardu lokacin da ma'aikata suka fita cin abinci. Ko da Sufeto ya isa, Manaja ya riga ya gama bincike, ya yanke hukunci, ankwa kawai yake jira a ara masa.

A cewarsa ɓarawon ba ɓoyayye ba ne, Dogo ne, direban da suka kora makon jiya. Kamfani ne ya biya masa kuɗin koyon tuƙin babbar mota, bisa sharaɗin in aka kore shi da laifinsa kafin shekara biyu zai maido kuɗin duka. Wata huɗu da samun lasisi ya yi ribas da tirela ya rushe katangar sito. Yayarsa mai ɗinki ce ta tsaya masa, ta ba da kekunanta uku jingina. Jibi wa'adin biya zai cika, yau kuma takardar yarjejeniya ta yi ƙafa.

"Fayil nawa aka ɗauka?" Sufeto ya tambayi Sakatariya.

Ta ce uku: na Dogo, da na wasu direbobi biyu da ba su da rigima da kowa. Ta ƙara da cewa ɓarawon ya wahalar da kansa a banza, don komai yana cikin kwamfuta. Ta buga masa daga kwamfutar kwafin hotunan da ke manne a bangon fayilolin da aka sace. Mutum uku, hular kamfani iri ɗaya, gemu iri ɗaya, sunan kowa da manyan baƙaƙe a ƙasa.

A nan ya kamata Sufeto ya tsaya ya yi tunani. Bai tsaya ba. Manaja ya cika masa kunne, shi kuma yana son ya rufe magana kafin a tashi.

A shagon yayar ya kama Dogo, gaban masu jiran ɗinki, 'ya'yansa biyu suna kallo. Yayar ba ta yi kuka ba. Ta cire ƙafa daga kan keke ta ce, "Ranka ya daɗe, kekunan ba su isa ba sai an haɗa da shi?" Har suka kai ofis maganar tana cin Sufeto.

Da farko Dogo ya ce bai fita ko'ina ba. Da aka gaya masa mai gadi ya gan shi a bakin get da tsakar rana, sai ya ce gaisuwa ya je yi wa Baba Birki, tsohon direban da ya koya masa mota.

"Ranar da katanga ta faɗi, wa ke tare da kai?"

"Baba. Amma ni ne a sitiyari."

"Ban tambaye ka sitiyari ba."

Dogo ya sunkuyar da kai. Da aka miƙa masa bayaninsa don ya sa hannu, sai ya karance shi tas, har ya nuna wa Kofur inda ya rubuta kwanan wata ba daidai ba. Sufeto ya fara shakka. Mai karatu haka ba zai kwashi fayil uku don neman nasa ba.

Washegari da safe ya koma garejin kamfanin. Tirelar tana nan inda aka ajiye ta tun ranar hatsarin, a kulle, ana jiran mutanen inshora. Ya karɓi makulli wurin Manaja ya hau. Shi da ba wani tsawo gare shi ba, gwiwoyinsa sai da suka daki sitiyari, don an jawo kujerar gaba har ƙarshe. Dogo kuwa sai ya duƙa yake shiga ƙofar ofis.

Bakanike ya rantse ba wanda ya taɓa motar. Ya yabi Baba Birki, ya ce shekara talatin ko fenti bai taɓa gogewa ba, saura wata biyar ya karɓi kuɗin sallama. Sai dai kwanan nan, in ji shi, tsohon yakan kira mutum ya duba masa allurar mai, wai gilashin ya yi datti.

Sufeto ya sami Baba zaune kan tsohuwar taya, ɗan gajeren dattijo mai farin gemu. Ya ce jiya da rana barci ya yi a inuwa, bai ga komai ba. Sufeto ya jera hotunan nan uku a kan benci.

"Baba, nuna min ɗalibinka."

Tsohon ya ɗauki na farko ya kai shi dab da hancinsa. Ya ajiye. Ya ɗauki na biyu. Shi ma ya ajiye.

"Fayilolin suna cikin akwatin kayan aikina," ya ce. "Wata shida yana zaune kusa da ni, amma na kasa gane fuskarsa a takarda. Shi ya sa na kwashe duka."

Sauran maganar ba sai an tambaye shi ba. Shekara guda ke nan yanar ido ta fara rufe masa gani, ya ɓoye don kada a sallame shi hannu wofi. Ranar hatsarin shi ya karɓi motar don ya nuna wa Dogo yadda ake shiga lungu da baya, bai ga katangar ba sai ƙara ya ji. Shi ya roƙi Dogo ya ɗauki laifin, ya ce masa sabon direba gargaɗi kawai ake yi masa. Jiya Dogo ya zo ya ce jibi za a kwashe kekunan yayarsa. Bai zarge shi ba, bai ce ya je ya faɗi gaskiya ba, lafiyar jikinsa ma ya tambaya.

"Da zagina ya yi, da na samu sauƙi," in ji Baba. "Sai na ɗauki ƙarfen cire taya na fasa durowar. Na ce in ba takarda, ba bashi."

An yi gudun gara an faɗa gidan zago, tunda satar ce ta jefa Dogo a bayan kanta.

Manaja ya so ya ce ai ƙarya ma laifi ce. Sufeto ya sa Sakatariya ta karanto takardar korar, laifi ɗaya ne a ciki, rushe katanga. Ya ce rahotonsa zai je wa inshora yadda yake, in kamfani na son kekuna ya nema a kotu. Manaja ya juya ya shige ofishinsa.

Kofur ya kawo Dogo da yayarsa. Sufeto ya ba su haƙuri a gaban kowa, abin da bai saba ba, kuma ya san bai biya su ba. Yayar ta ce Allah ya kyauta, ba ta dube shi ba.

Baba ya miƙo hannuwansa, Sufeto ya mayar da ankwar aljihu. Da suka je bayan motar 'yan sanda tsohon ya ɗaga ƙafa yana laluben matakala, ya taka iska. Dogo ya matso ya riƙe masa gwiwar hannu, ya yi masa irin kiran da shi Baba ya koya masa na jagorantar mota.

"Taho, Baba. Taho kaɗan. Dama. Ya isa, tsaya."

Tsohon ya zauna, ya rufe fuska da hularsa.