An Ce Ta Sace wa Coci Limami

Ranar ƙarshe ce ta ziyarar karatu da ɗaliban tarihin coci suka kai birnin Rum daga garinsu Zadar, kuma ita ce ranar da Zrinka ta fi ƙosawa ta gani, don a ranar za a shiga da su babban cocin Bitrus. Bayan ta sha tsayuwa a layi cikin rana, mai gadin ƙofa ya dubi rigarta mara hannu, ya girgiza kai.

"Da kafaɗa a waje ba a shiga."

"Mutum-mutumin da ke ciki fa, su kafaɗarsu a rufe take?" in ji Zrinka, ta cika ta yi fam.

Wani ya yi dariya a bayanta, ta ji an ɗora mata kwat a kafaɗa. Ta juya za ta sauke masa fushin, sai ta ga dogon saurayi mai sanyin ido, daga ayarin ɗaliban garin Split da aka haɗa su a ranar.

"Aro na ba ki," ya ce. "Sunana Lovro. Ke kuma na ga alama Barkono ne sunanki."

Ta yi tsaki, amma ba ta cire kwat ɗin ba.

A jirgin ruwan komawa gida daga tashar Ancona suka zauna gefe guda suna shan kofi. Nan ya faɗa mata damuwarsa. Yana jariri ya yi ciwon da aka fid da rai, mahaifiyarsa Nevenka ta yi wa Allah alkawarin in ya tashi zai zama limamin coci, irin waɗanda ba sa aure. An shirya shigarsa makarantar limamai da kaka.

"Na zo Rum ne in ji ko zuciyata za ta amsa," ya ce. "Na shiga coci-coci, na durƙusa, ban ji komai ba sai tsoron Mama."

"To ka faɗa mata mana."

"Ba ki san Mama ba."

Ba ta gama kwance kaya a gida ba saƙonsa ya shigo:

"Barkonona, kin isa lafiya? Na sha kofi a gida, na ji shi lami, don babu mai yi mini faɗa a gefe."

Ta mayar masa: "Na isa. Ka daina ce mini Barkono. Amma kada ka daina rubutowa."

Haka suka ƙare bazara, shi yana hawo bas zuwa Zadar duk ƙarshen mako, suna zama bakin teku suna cin gasasshen kifi.

Akwai wata Dorotea, maƙwabciyar su Lovro, wadda aka je Rum da ita. Ta daɗe tana son sa, ta haƙura ne kawai don an ce na coci ne. Da ta ga wata ce za ta samu, sai ta kai wa Nevenka hoton da ta ɗauke su a jirgi.

Da rana tsaka wayar Zrinka ta yi ƙara.

"Ke ce yarinyar da aka tura karatun addini ta dawo da ɗan mutane?" in ji muryar wata dattijuwa. "Kin sace wa Allah bawansa. Ki ji tsoro."

Aka kashe kafin ta buɗe baki. Da mahaifinta ya ji, shi ma ya ɗaure fuska.

"Ba za a nuna ni a ƙofar coci a ce 'yata ta hana wani zama limami ba. Ki fita harkarsa."

"Baba, ni na ɗauki alkawarin? Mutum ya ce ba ya so tun kafin ya san ni, amma ni za a rataya wa jakar tsaba?"

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne shirun Lovro. Ta kira, wayarsa a kashe. Sai ga saƙon Dorotea: "Ya tattara kaya ya tafi wurin limamai. Ki yi haƙuri, 'yar'uwa, dama ba naki ba ne."

Zrinka ba ta yi kuka ba. Washegari ta hau bas ta nufi Split, ta yi tambaya har ƙofar gidan Nevenka, ta ƙwanƙwasa.

"Mama, ni ce ɓarauniyar," ta ce da aka buɗe. "Ban zo roƙo ba. In ɗanki ya zaɓi coci, Allah ya ba da sa'a, amma ya fito ya faɗa da bakinsa. Sunana kuma a daina ja a ƙasa."

Nevenka ta buɗe baki ke nan, sai ga Lovro ya fito daga ɗaki, a bayansa wani tsoho mai baƙar riga, kawunsa Jakov, limamin wani ƙauye a tsibirin Vis.

"Wurin Kawu na je, ba makaranta ba," in ji Lovro. "Mama ta karɓe wayata, na ga in ba shi na kawo ba, ba za ta saurare ni ba."

"Da ka ari ta wani ka rubuto kalma ɗaya, hannunka zai karye?"

"Na yi laifi, masoyiyata."

Tsohon ya zauna, ya dubi ƙanwarsa. "Nevenka, na daɗe a wannan riga, na ga waɗanda iyaye suka tura cikinta, ban ga wanda ya ji daɗi ba. Alkawarin naki ne, ba nasa ba. Kin roƙi ransa, an ba ki. Ki bar shi ya rayu."

Nevenka ta shige kicin ta rufe ƙofa. Ta yi makonni ba ta yi wa kowa magana ba. Kawu Jakov ne ya je Zadar da kansa ya shawo kan mahaifin Zrinka, wanda bai iya musu da mai baƙar riga.

Bayan bikin Ista aka ɗaura aure a ƙaramin cocin Vis. Dorotea ba ta zo ba. Da aka fito, Nevenka ta tako a hankali ta kama hannun amarya, ta daɗe tana kallonta.

"Limami na roƙa, aka ba ni suruka mai baki," ta ce. "Ubangiji ne ya san wanda na fi bukata. Allah ya albarkace ku, 'yata, ya ba ku zuri'a, ya sa su yi muku gardama yadda kuka yi mini."

"Amin, Mama," in ji Zrinka, sai a lokacin hawaye suka zubo mata.