Garin da Ba Wanda Ya San Sunanta

"Saskatchewan?!"

Ludayin ya suɓuce daga hannun Mama, mahaifiyar Ishbel, ya nutse cikin tukunyar miyar kifi.

Ishbel ta kife wayarta a kan tebur, ta kasa haɗa ido da kowa. Kicin ɗin cike yake maƙil, don mu a garinmu na bakin teku ba a jiran gayyata, ƙanshin girki ya isa. Yau da tsakar rana ake sanar da kowane sabon likita asibitin da zai yi horon ƙwarewa, kuma inda aka ba ka can za ka, babu roƙo babu canji. Kowa ya zo da tabbacin Ishbel, 'yar marigayi Angus Gillis, za ta zauna a asibitinmu na bayan tudu, sai ga shi an tura ta Saskatchewan, wata jiha mai nisan gaske. Kawu Hector har da gogensa ya taho.

"Na'ura ce ke rabawa, Mama... ba ni ba ce."

"Ita na'urar ba ta da uwa ne? Wuri ko teku babu! Me za ki ci a can, ciyawa?"

Lauchie Beaton, ma'aikacin motar asibiti, wanda aka sa ranar aurensu da Ishbel a ƙarshen bazara, ya matso ya dafa kafaɗarta.

"Kwantar da hankalinki, Ishbel, rabin raina. Za mu san dabara."

Ta ɗan zame daga hannunsa. Kaɗan ne ƙwarai, amma Colette ta gani.

Colette nas ce a asibitin, ta daɗe tana ajiye wa Lauchie shayi mai zafi duk sanda ya kawo marar lafiya, shi kuwa ya sha ya yi godiya ya wuce. Son maso wani ƙoshin wahala. Ta kurɓi shayinta a hankali, ta yi murmushin da ni dai ban taɓa yarda da shi ba.

"Ikon Allah! Ni dai tun da nake, ban taɓa jin na'urar nan ta tura mutum inda bai rubuta da hannunsa ba. Mu da muke neman likitoci ido rufe, wa zai sa asibitinmu a farkon zaɓinsa ya rasa? Ko an canza tsarin ne ban sani ba?"

Kawu Hector ya mayar da gogensa cikin akwati.

"Gaskiya ne, 'yar nan?" in ji Mama. "Ke kika zaɓa?"

"Mama..."

"A asibitin nan na haife ki! A nan ubanki ya cika! Shi ne za ki juya mana baya ki tafi ki warkar da iyayen wasu?"

Ishbel ta fizgi rigar sanyinta ta fice.

A bakin mashigin jiragen kamun kifi Lauchie ya same ta, tsakanin tarin kejin kamun ƙaguwa da ƙanƙara ta lulluɓe. A daidai wurin nan mahaifinta ya yanke jiki ya faɗi hunturun bara waccan, lokacin ta zo hutu. Ita ta durƙusa a kansa tana danna masa ƙirji, cikin motar asibiti ma ba ta ɗaga ba, har ta ji haƙarƙarinsa na karyewa a ƙarƙashin tafin hannunta. Duk gari an san wannan, amma da yake ba ta taɓa kuka a gaban kowa ba, sai muka ce jaruma ce, muka ci gaba da harkokinmu.

"Me ya sa kika ɓoye min?"

Ta kau da kai.

"Ni ne fa. Wanda zai aure ki!"

"Ba zan iya shiga ɗakin nan da Baba ya cika ba, Lauchie. Ko ƙofar na hango sai tafin hannuna ya ɗauki zafi. Ina jin ƙarar... ƙas, ƙas... har yau ina jin ta. Shekara biyu a ce kullum a ciki zan wuni? Wallahi haukacewa zan yi!"

Ya sauke ajiyar zuciya, har fuskarsa ta ɗan saki.

"Shi ke nan? Haba, masoyiyata! To ai mu tafi tare. Can ma mutane na faɗuwa, can ma ana tuƙa motar asibiti. Gobe-goben nan zan ajiye aiki."

"A'a."

"Kamar yaya a'a?"

Sai a lokacin hawayen suka ɓalle mata.

"Ka tuna wanda ya cire hannuna daga ƙirjin Baba?"

Ya tuna. Likitan ya riga ya duba agogo ya faɗi lokacin rasuwa, nas-nas sun ja baya, ita kaɗai ta ƙi tsayawa. Shi ya zagayo ya riƙe mata wuyan hannu biyu.

"Ka ce min, 'Ya isa, Ishbel.' A hankali ka faɗa, da tausayi... Tun ranar, duk sanda ka kira sunana, a ɗakin nan nake tsintar kaina. Da safe a waya, a coci, ranar da ka ba ni zobe ma! Ina kallonka ina murmushi, ina jin Baba yana sanyi a hannuna."

Lauchie ya yi baya kamar an mare shi.

"Duk tsawon lokacin nan?"

"Ina sonka, Allah ya sani ina sonka! Ba laifinka ba ne, daidai ka yi. Na yi ta jira ya wuce... ya ƙi wucewa."

Ya daɗe yana kallon ruwan.

"Ke nan in na bi ki, da ɗakin zan taho miki."

Ta so ta ƙaryata shi. Amma ta san gaskiya ya faɗa.

Aka fasa biki. Mama ta yi wata guda ba ta yi mata magana ba, ranar tafiya kuwa ta cusa mata gurasar alkama a jaka tana faɗa tana share ido. Colette ta ci gaba da ajiye shayinta, yana hucewa ba a taɓa ba.

Lauchie ne ya kai ta filin jirgi, don ya ce ba wanda zai ɗauki kayanta yana raye. Sun yi hirar hanya da ta ruwan sama, kamar maƙwabta. A bakin ƙofar shiga ya ajiye akwatin, ya gyara mata wuyan riga.

"Ki riƙa cin abinci. Ki sayi takalmi mai kauri, sanyinsu ba irin namu ba ne."

"To."

Ta ga leɓensa sun motsa, ta san kalmar da ke tahowa: sunanta. Abin mamaki, sai ta ji duk duniya ba abin da take so kamar ta ji ta, ko da ɗakin zai dawo, ko da hannunta zai ƙone. Ta tsaya cak tana jira.

Ya haɗiye kalmar.

"Sauka lafiya, Likita," ya ce, ya juya ya tafi.