Rahoton Gado na Huɗu

Ƙarfe tara na safe aka kira ofishin 'yan sanda daga gidan kula da tsofaffi. Wani dattijo da ake ce wa Baba Direba ya kwanta jiya bayan shayin rana bai tashi ba, kuma likita ya ga maganin barci fiye da kima a jininsa.

Sufeto ya tarar an riga an yi masa aikinsa, har da yanke hukunci. Wani ma'aikaci, Dogo, ya tare shi a bakin ƙofa da katin ƙwayoyi da babu ko ɗaya a ciki.

"Ranka ya daɗe, a aljihun Sista na same shi. Tsohuwar nas ce cikin tsofaffin da muke kula da su, mantuwa ta gama da ita, har yau gani take a asibiti take aiki. Kullum tana bakin gadonsa tana taɓe-taɓe."

Sufeto ya juya katin. An yanke shi tsaf da almakashi. Ya jefa shi a leda.

Shugabar gidan, wadda kuma ita ke koyar da kwas ɗin kula da masu cutar mantuwa, ta ja shi gefe. 'Ya'yan mamacin sun ta da ƙayar baya, saboda haka ƙarfe huɗu mota za ta zo ta kai Sista ɗakin kulle na asibitin ƙwaƙwalwa.

"Idan aka rufe ta a can, ba za ta yi wata guda ba," in ji ta.

"Tana da almakashi?"

"Babu tsohon da ke riƙe almakashi a nan, yana ɗakin magani. Ita dai duk abin da ta gani a ƙasa sai ta tsince, wai ɗakin marasa lafiyarta ba bola ba ne."

Shekara ashirin Sufeto yana titsiye ɓarayi, don haka ya shiga wurin tsohuwar yadda ya saba. Ya tsaya a kanta, ya jero tambayoyi: yau wace rana ce, ina take jiya, wa ya ba ta magani? Sista ta hau kiran innarta, sai ga hawaye. Kunya ta kama shi, ya fita.

"Darasin farko ke nan ka faɗi," in ji shugabar. "Ba a jawo su zamaninka, kai ne za ka shiga nasu. Ka zauna daidai idonta, tambaya ɗaya tak. Sunayen 'ya'yanta sun tafi, amma abin da hannu ya shekara talatin yana yi, shi ne ƙarshen ɓacewa."

Ya cire hula, ya jawo kujera, ya sassauta murya. "Sista, na zo karɓar rahoto."

Tsohuwar ta share ido, ta gyara zama. "Sai yanzu, likita? Gado na huɗu bai yi mini ba." Ta zaro ɗan littafi daga ƙarƙashin matashi. Kwanan watan da ke saman kowane shafi na shekara arba'in baya ne, amma bugun zuciyar Baba Direba, mai gado na huɗu, na nan a jere: saba'in da huɗu, saba'in da biyu, sai kwatsam hamsin da takwas, hamsin da huɗu, arba'in da tara.

"Sau uku ina faɗa wa dogon yaron nan. Cewa ya yi in je in kwanta."

Sufeto ba ya sayen magana sai ya gwada. Ya miƙa mata hannunsa. Ta ɗora yatsu biyu, idonta a kan agogon bango.

"Tamanin da takwas. Ka rage fushi."

Aka kawo na'ura, ta nuna tamanin da bakwai.

Ya ƙirga shafuka, ya ga kwana tara ke nan da bugun ya fara sauka. A allon aiki kuwa, kwana tara ke nan da aka mayar da Dogo aikin rana.

"Me ke faruwa da rana?" ya tambayi shugabar.

"Ƙarfe biyu Baba yakan miƙe neman makullin mota, zai ɗauko yara daga makaranta. Sai mu ba shi tsohon makulli, mu taka da shi cikin lambu muna hirar inji har abin ya lafa. Duk inda mutum ya yi kwas, an koya masa irin wannan. Shi Dogo da takardar shaidarsa ya zo, shi ya sa ban sa shi a ajina ba."

Ƙarfe uku Sufeto ya zaunar da Dogo a ɗakin magani, ya ajiye almakashin a tsakaninsu.

"Idan Baba ya tashi neman makulli, me kake yi?"

"Gaskiya nake gaya masa. Yara sun girma, an sayar da mota, uwargidansa ma ta rasu."

"Sai me?"

"Sai ya yi ta kuka yana dukan ƙofa."

"Kullum ke nan kana kai masa sabuwar mutuwar matarsa. A wane aji aka koya maka haka?"

Dogo ya fara kame-kame. Sufeto ya tura masa littafin Sista. Dogo ya kalli lambobin, sannan ya amsa laifinsa.

"Takardar ta yayana ce, hoto na canja. Ina ganin aikin wanka ne da ba da abinci, me za a koya? Wallahi barci kawai nake so ya yi. Da ƙwaya ɗaya na fara a shayi, ta daina yi masa, na ƙara."

"Katin fa?"

"A gabanta na yar, na san za ta tsince." Ya sunkuyar da kai. "Na ce ai ita ba za ta tuna ba."

Wannan ce maganar da ta fi ci wa Sufeto rai. Ya sa masa ankwa da kansa, shugabar kuma ta buga waya ta ce motar asibiti ta yi zamanta.

Suna fita sai ga Sista a baranda. Ta tare su, ta kama hannun Dogo a saman ankwar, ta duba agogo.

"Ɗari da ashirin. Likita, yaron nan ba shi da lafiya, a kula da shi." Ta juyo ga Sufeto. "Gado na huɗu fa?"

Gaskiyar ta zo masa har bakin leɓe, ya haɗiye ta. Ya rusuna daidai idonta.

"An karɓi rahotonki, Sista. Kin yi aikinki."

Ta gyaɗa kai, ta buɗe sabon shafi, ta nufi gado na biyar.