Naira Ɗaya ta Iya Kande

Da hantsi, kamar kullum, Tantancau yana tsaye a bakin Kasuwar Hawa Tara da ke Kano yana karanta tafin hannun jama'a. Ginshiƙin gilashi ne mai tsawon mutum biyu. Ka ɗora masa hannu, ya leƙa asusunka na banki, ya ba ka launi. In kore ne, ƙofar rumfarka ta buɗe da kanta tun kafin ka ƙarasa. In ja ne, asusunka ya mutu, rumfa ta koma hannun banki, sai ka kama hanyar gida.

Tasalla mai daddawa ta ɗora nata hannun, gilashin ya koma ruwan ɗorawa.

"Saura kwana tara," in ji Tantancau, da muryar nan tasa mai laushi da ke ba ta haushi. "Asusunki ba ya numfashi."

A shekarar 2094 kuɗin hannu sun zama labari, komai ta asusu ake yi. Bankin Taskar Gari, wanda ya gina kasuwar, ya fito da sabuwar doka: dole kowane asusu ya kasance da cirar-wata uku. Cirar-wata izini ne da mutum ke bai wa banki ya riƙa ɗibar wani abu daga asusunsa duk wata yana miƙa wa ɗan kasuwa mai rajista, ba tare da an sake tambayarsa ba. Masanan banki suka ce ta haka ake gane asusu mai rai. Suna kuma bugun ƙirji cewa sun cire hannun ɗan'adam daga hukuncin kwata-kwata. Abin da Tantancau ya yanke, ko shugaban bankin bai isa ya taɓa ba.

Ita kuwa Tasalla ko ɗaya ba ta da shi. In tana son kalwa ta saya ta biya nan take, shi ke nan. Rumfarta da ke hawa na biyu gadon uwarta ce, kuma shekara talatin ke nan warin daddawarta yana cin galaba a kan injinan tace iska na kasuwar. Wannan ma abin alfaharinta ne.

Ta hau zuwa hawa na tara, ofishin Malam Sallau, wakilin banki a kasuwar. Mutum ne mai fara'a, irin fara'ar da ake koyowa a makaranta.

"Ai abu ne mai sauƙi, Inna," ya ce, ya shafa bango hotuna suka fito. "Ga inshorar keken sama. Ga tashar mafarki, ki kwanta a nuna miki abin da kike so. Ga wankin mutum-mutumin gida. Duk kamfanoninmu ne. Ki zaɓi uku."

"Malam, keken sama nake da shi? Mafarki kuma kyauta nake yin abina tun ina yarinya."

"Doka ce, Inna."

"Na ji. To nawa ne mafi ƙanƙantar abin da za a cira?"

Ya duba, ya ɗan yamutsa fuska. "Dokar ba ta faɗa ba."

"Wa kuma ake biya?"

"Duk ɗan kasuwa mai rajista."

"Ni da nake da rumfa, ina da rajista?"

"Kina da ita mana."

Tasalla ta miƙe ta gyara mayafinta, ta yi masa godiya har sau biyu. Da Malam Sallau ya san ta, da wannan godiyar ta hana shi cin abincin rana.

A ranar nan ta haɗa matan hawa na biyu a bayan rumfarta, su arba'in da ɗaya har da ita, kowacce hannunta ya nuna ruwan ɗorawa. Akwai masu kuka. Tasalla ba ta bi ta kan kukan ba, don ita ma zuciyarta a tsinke take, tana tsoron in ta saurara za ta taya su.

"Kun manta adashi ne?" ta ce. "To adashi za mu yi wa banki. Mu jeru. Kowacce ta yi wa mata ukun da ke gabanta cirar-wata ta naira ɗaya-ɗaya. Uku ta fita, uku ta shigo daga na bayanki. Ba wadda ta yi asara, kamfanonin banki kuma ko ƙwandala ba za su gani ba."

Barmani mai kuɓewa ta ce, "Yaya Tasalla, naira ɗaya fa ko ƙwayar gishiri ba ta saya."

"Tantancau ya ce miki gishiri yake so? Numfashi ya ce. To ga numfashi."

Iya Kande mai kanwa, wadda ta girme su duka, ta yi dariya har da tari. Ita ce ta fara miƙa hannu a kan wayar Barmani. Da aka jera, sai ta faɗo a gaban Tasalla, wato Tasalla na cikin masu biyanta.

Ran ɗaya ga wata hannu arba'in da ɗaya suka nuna kore. Kafin wata uku dabarar ta hau har hawa na shida, masu nama da masu gyaran batir duk sun yi nasu jerin. Malam Sallau ya daina fara'a. Ya rubuta wa manyansa, manyan suka tambayi Tantancau, Tantancau ya ce doka ta cika.

Sai Iya Kande ta rasu, ran wata Laraba, bayan zazzaɓin kwana biyu.

Tasalla ta ji mutuwar nan har cikin ƙashinta. Iya ce ta riƙe mata hannu ranar da ta fara zama a rumfa, ita ce kuma take mata faɗa in ta tsuga wa daddawa tsada. Bayan sadakar uku Barmani ta kawo maganar gyara jeri, a cire sunan Iya a sa wata.

"Ba da hannuna ba," in ji Tasalla. "Ko arba'in ba a yi ba, in je in ce a daina ba Iya naira ɗaya? Da wane ido zan dubi 'yarta?"

Sauran biyun da ke biyan Iya suka ce su ma kunya ba za ta bar su ba. Haka asusun ya ci gaba: uku ta shigo, uku ta fita.

Malam Sallau ya ga ƙofar da ya daɗe yana nema. Ya sauko da kansa, ya tsaya a gaban rumfarta yana toshe hanci da hankici.

"Inna, kina ciyar da asusun matacciya. Wannan zamba ce, hukuncinta ƙwace rumfa. Ki soke cirar yau, ki kuma watsa jerin nan naku, ni kuma in rufe ido."

Ta dubi tabarmar da uwarta ta zauna a kai, ta dubi kwandunan daddawa. In aka kore ta daga nan, ba ta san ko wace ce ita ba. Amma ta ji bakinta yana cewa, "Sai an yi arba'in."

"To gobe da safe a gaban Tantancau."

Washegari kasuwa ta cika a bakin ƙofa, har masu tuƙa jiragen dako sun sauko kallo. Malam Sallau ya ɗora hannu ya karanta ƙararsa: Tasalla na biyan mamaciya.

"Haka ne?" Tantancau ya tambaye ta.

"Haka ne," ta ce, ba ta sunkuyar da kai ba. "Iya Kande ta rasu. Ni na yi mata wanka."

Tantancau ya ce, "Asusun Kande yana da cirar-wata uku, duk sun fita a kan kari. Kande na da rai. Babu zamba."

"Na je jana'izarta fa," in ji Malam Sallau. "Ga takardar asibiti."

"Ba na auna rai da takarda. Da cirar-wata aka ce in auna."

"To ni wakilin banki ne, na umarce ka ka gyara."

"An cire hannun ɗan'adam daga hukunci," in ji Tantancau cikin ladabi.

Wani ya tuntsire da dariya daga baya, amma ba ta yi nisa ba. Mutane suka tsaya suna kallon ginshiƙin, kowa na lissafin abin da ya ji. Uku ta shigo, uku ta fita: in ba a taɓa ba, Iya Kande za ta rayu a wurin banki har bayan jikokinta. Su kuma da ke tsaye da ƙafafunsu, wata ɗaya tak ya isa a ce sun mutu. Malam Sallau ya yi tsuru-tsuru da takarda a hannu. Tasalla ta ɗora tafinta, ya nuna kore, ta wuce ta gefensa.

Ran arba'in aka yi gumba aka raba, aka yi wa Iya addu'a. Washegari Tasalla ta karɓi wayar Barmani ta soke cirar da hannunta, ta mayar da nairar kan 'yar Iya, wadda ta gaji rumfar kanwa ta shiga jeri. Sauran biyun ma suka yi haka. Sai a lokacin ta yi kukan da ta riƙe.

Ran ɗaya ga watan da ya biyo baya, cirar-watan Iya ba ta fita ba. Ana tsakiyar ciniki, muryar Tantancau ta cika hawa tara ɗin nan.

"Ana sanar da jama'a cewa Kande mai kanwa ta rasu yau da safe."

Tasalla na auna wa wata mata daddawa. Ba ta ɗago ba.

"Ka makara," ta ce, ta ƙara wa matar gyara.